Ranar da Mijina Ya Ɗauki Benci

Shekara goma sha ɗaya mijina Teryo yana hawa benci a dandalin garinmu duk Lahadi da yamma, yana gaya wa jama'a wai babu Allah, kuma a tsawon shekarun nan ba a samu namijin da ya rufe masa baki ba. Ni kuwa Puring, matarsa, ni ce mai wanke zannuwan bagade a cocinmu, ni ce mai jera furanni. In dariya za ku yi ku yi, mutanen gari sun riga ku.

Teryo mai aski ne. Yana saurayi ya yi shekara uku a makarantar koyon aikin fada, wato limamin coci, ya fito babu rigar limanci, sai Littafi Mai Tsarki kaf a kansa da baki kamar rezarsa. Ka kawo masa aya ɗaya, zai ba ka ta gabanta da ta bayanta, ya ƙara maka da wata daga can nesa wadda ya ce ta ƙaryata taka. Abin haushin shi ne mutumin kirki ne. Ba ya shan giyar kwakwa, ba ya zuwa faɗan zakaru, in tsoho ya kwanta ciwo har gida yake bin sa ya yi masa aski kyauta. Duk safiyar Lahadi shi ke goya ni a babur ya sauke ni a ƙofar coci, ya ce, "Ki gaishe Shi, Day, in kin same Shi a gida," ya juya abinsa. Day shi ne sunan so da yake kirana da shi. Ƙafarsa ba ta taɓa tsallake dokin ƙofar ba.

Muhawarar dandali tana da ƙa'ida. Benci biyu ne a ƙarƙashin babbar bishiya, kowane gwani ya hau nasa. Noy Sindo, tsohon mai sayar da ƙanƙara, shi ke riƙe da agogo da ƙararrawar kekensa. Kowa zai yi bayani na minti uku, sannan a shiga tambayoyi. Wanda aka jefa wa tambaya ya kasa cewa uffan har ƙararrawa ta kaɗa, ya sha ƙasa, kuma sai ya ɗora bencinsa a ka ya zaga dandali sau ɗaya, yara da manya na bin sa da tafi. Fastoci sun ɗauki benci, malaman makaranta sun ɗauka, har wani lauya mai takalmi fari. Kan Teryo bai taɓa jin nauyin katako ba.

To ga inda gizo ke saƙa. A ofishin magajin gari aka ɗaura mana aure, shekara talatin da ɗaya da suka wuce, don ya ce shi ba ya durƙusa wa kowa. Ina da shekara ashirin da biyu, gashinsa na ƙyalli da man kwakwa, na ce durƙuson me kuma, mu je. Abin da ban auna ba shi ne, a wurin coci wannan ba aure ba ne, kuma macen da ke zaune da namiji ba da auren coci ba, ba ta karɓar Jibi Mai Tsarki, ɗan burodin nan da Fada ke ɗora wa masu ibada a harshe. In lokacin Jibi ya yi, kowa ya miƙe ya shiga layi, ni sai in janye gwiwoyina gefe a wuce. Sau ɗaya na yi masa maganar auren coci, a shekararmu ta farko. Ya zaunar da ni ya yi mini karatu na awa biyu a kan tarihin limaman coci, shinkafata ta ƙone, na rantse ba zan ƙara ba. Shi a tunaninsa farar riga nake so da gudun bakin mutane.

Da ba ni kaɗai ba ce. Mare Ising, wadda ta riƙe mini 'yata ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna Mare, ita ma auren ofis ta yi. Tare muke zama, muna raɗa a kan takalman masu wucewa, lokaci ya tafi. Sai bara mijinta ya faɗo daga bishiyar kwakwa ya mutu. Bayan kwana arba'in Ising ta je ta furta zunubanta wurin Fada, ran Lahadi ta miƙe cikin baƙaƙen kayanta, ta taka mini ƙafa, ta shiga layi. Na zauna ina kallon bayanta, kuma abin da na ji kishi ne. Kishin matar da mijinta ya mutu nake ji, a cikin coci, da carbi a hannuna.

Makamina ɗaya ne. Tun shekararsa ta farko a kan benci, ranar da ya kayar da lauyan nan, daɗi ya kwashe Teryo ya ɗaga hannu ya ce, "Ranar da aka sa ni ɗaukar benci, zan shiga coci da ƙafata in yi duk abin da Puring ta ce." Mutane suka yi dariya suka manta. Ni ban manta ba. Tun daga nan duk baƙon da na ji an ce ya iya aya, sai in san yadda na yi ya tsinci kansa a dandali. Har faston wata ɗarika da ba tamu ba na turo, wanda ke cewa mu masu bautar gumaka ne. Mai neman ruwa ba ya tambayar na wace rijiya ne.

Sai sabon fadanmu, Fada Amancio, ya yi shela cewa za a yi ɗaurin aure na taro, kyauta, ga duk masu zaman auren ofis, kuma ran Litinin ta mako na biyu zai rufe rubuta suna. Na dawo gida, na yanka kaza na kai gidan Ising.

"Mare, wa ya mutu kuma?" in ji ta.

"Ba kowa. Ɗakin bayanki nake so na mako guda. Zan ajiye mutum."

"A shekarun nan naki?"

"Mai wa'azi ne, uwar tsegumi. Da matarsa zai zo."

Brada Melquiades ke nan, daga birni, dogo mai gilashi, an ce ya taɓa sa wani farfesa kuka. Kwana shida ina ciyar da shi romon kaza da ɗanyar gwanda, ina tona masa asirin mijina. Ai Teryo a gaban madubin shago yake gwada tambayoyinsa, ina shara ina haddacewa. Na ce zai tambaye ka ɗan fari na mutumin farko a ina ya samo mata. Zai tambaye ka yadda aka yi gara biyu suka shiga jirgin katako da sauran dabbobi, jirgin bai nitse ba. Brada yana rubutawa, yana tsotsar ƙashi, yana cewa cikin girmamawa, "Nang Puring, ki je ki ɗinko riga."

Ran Lahadi dandali ya cika ya batse. Masu keken haya sun ajiye kekunansu, masu soyayyar ayaba sun ƙaro gawayi, zumuntar mata kaf sun zo da lemominsu na tare rana. Noy Sindo ya rubuta batu a allo: ko mutum na iya zama na kirki ba tare da Allah ba. Brada ya fara, kuma gaskiya ya iya. Ya nuna Teryo ya ce, "Kowa ya shaida wannan bawan Allah ba ya cutar kowa. To wa ya zuba masa wannan a ƙirji? Yana shan ruwa kullum, yana rantsuwa babu marmaro." Matan zumunta suka ɗaga lemomi suna guɗa. Ising ta mintsine ni har sai da wurin ya tashi.

Teryo ya jira aka lafa. Ya share gilashinsa da gefen riga, ya dube ni a cikin taro.

"Kafin in fara, Day, kajinmu huɗu sun ɓata a makon nan. Na yi ta zargin muzuru. Yanzu da na ga kumatun baƙonmu, ina neman gafarar muzuru."

Dandali ya kwashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage. Ashe kan mage ya waye tun ran Talata.

Bai tambayi gara ba, bai tambayi matar kowa ba. Ya ce, "Brada, ka ce duk abin da Allah ya umarta shi ne daidai. Akwai dattijon da aka ce masa ya hau dutse da ɗansa da wuƙa, ya kama hanya, kuna yabonsa har yau. Na ji kana da ɗa ɗaya tilo. In yau murya ta ce maka haka, za ka kama hanya, ko za ka nemi likita? Amsa da ƙarfi, don na hangi uwar yaron can kusa da mai ayaba, da shuɗiyar lema."

Duk dandali ya juya ya kalli shuɗiyar lema. Matar Brada 'yar gajeruwa ce. Ta naɗe lemar a hankali, ta riƙe ta daga tsakiya. Brada ya buɗe baki, ya kalli Littafi, ya kalli lema, ya rufe. Ya sake buɗewa. Wani daga baya ya ce, "Faɗi gaskiya, Brada, muna da gado a asibiti." Ƙararrawa ta kaɗa.

Kunyar da zan faɗa ita ce, tafi na tsinci kaina ina yi. Ina tsalle ina gaya wa na kusa da ni, "Nawa ne, mijina ne." Haka nake duk shekarun nan, in turo masa abokin gaba da safe, in yi alfahari da shi da yamma. Sai da na ga Brada yana tangaɗi da benci a ka, kajina huɗu a cikinsa, sannan na tuna gobe Litinin.

Ban san lokacin da na cire takalmi ba. Brada na dire benci, na tattare siket na hau. Ising tana jan gefen rigata tana cewa, "Mare, sauko, rana ce ta buge ki." Mace ba ta taɓa hawa bencin nan ba. Maza suka yo kan Noy Sindo, wasu na cewa an hana, wasu na cewa a bar ta. Tsoho ya sosa ƙeya ya ce shi dai tun da yake bai ga inda aka rubuta ƙa'idar ba, balle ya ga inda aka hana.

Teryo kuwa daɗi kamar ya kashe shi. Ya rusuna mini har da cire hula.

"Day, wace aya kika haddace?"

"Ko ɗaya."

"To bari in bi ki a hankali. Gara biyu a jirgin katako, wata da watanni. Yaya aka yi?"

"Wanda ya hana zaki cin akuya, gara ce za ta gagare Shi? Kai ne dai ta gagara. Ƙafar gadonmu shekara biyu ke nan a kan bulo."

Matan zumunta suka saki lemomi suna dukan bayan juna. Teryo ma ya yi dariya har da riƙe ciki.

"To ɗan farin nan, a ina ya samo mata?"

"Noy Sindo, ka zama shaida. Shekara talatin mutumin nan yana neman matar wani, tasa na tsaye a gabansa."

Mai soyayyar ayaba ta ture kaskonta don dariya. Wani ɗan keken haya ya kwanta a ƙasa yana shure-shure. Ni kaina sai na ji kamar na sha giyar kwakwa, ƙafafuna ba nauyi, ina ganin saman kawunan duk garin. Ashe wannan ne abin da yake ji duk Lahadi, shi ya sa ba ya saukowa.

Noy Sindo ya kaɗa ƙararrawa ya ce yanzu tambayata ce. Teryo ya gyara tsayuwa, murmushin ya ɗan ragu. Wanzami ba ya son jarfa.

Na ce, "Batun da ke allon nan, ni na yarda da kai. Mutum na iya kirki ko bai san Allah ba, da shaidar nake kwana. Amma ka san abin da nake yi a coci in ka sauke ni?"

"Kina wanke musu zannuwa kyauta."

"In lokacin Jibi ya yi, kowa na tashi, ni ina zaune. Shekara talatin da ɗaya ban ɗanɗana ba, saboda auren ofis. A wurinka burodi ne, na sani. A wurina ba burodi ba ne. Hanya biyu ce kawai: ko ka shiga ka aure ni, ko ka mutu. Watan jiya ka yi tari kwana goma. Ina tsaye ina dafa maka citta, sai na ji zuciyata ta ce, in ya tafi, ke ma kya shiga layi kamar Ising. Na ji ta da kunnena, Teryo. Ni da nake sonka tun kana da gashi."

Ba wanda ya yi dariyar gashin. Na yi sauri na ci gaba.

"To ga tambayar. Ka ce ɗakin nan ba kowa a cikinsa. Mutumin kirki, in awa ɗaya a ɗakin da ba kowa za ta cire wa matarsa wannan tunani, me ya hana shi shiga?"

Noy Sindo ya danna agogo.

Na san yana da amsa. Na sha jin ta a gaban madubi: dokar ce muguwa, waɗanda suka kafa ta za a tuhuma, ba shi ba. Amsa ce mai kyau, da ya faɗe ta da maza sun yi masa tafi. Na ga ta hau masa har maƙogwaro. Ya dube ni, ya dubi ƙafafuna marasa takalmi a kan benci, ya haɗiye. Noy Sindo, amininsa tun suna yara, ya girgiza agogo ya kara a kunne wai ko ya tsaya, ya ƙara masa kusan minti guda na sata, kowa na gani. Teryo ya ce, "Kaɗa, Pare, aminina."

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Ising ta manta da baƙaƙen kaya ta kama rawa da matar Brada. Wani ya ruga ya kaɗa ƙararrawar coci, Fada Amancio ya fito da cokali a hannu yana tambayar ina gobara. Teryo ya ɗora bencinsa a sanƙonsa ya kama zagaye, rabin gari na bin sa, yana tafe yana shela, "A rubuta, har yanzu babu Allah. Matata ce ta kayar da ni." Ni ina gefensa da takalmi a hannu, ina dariya, hawaye na shiga mini baki.

Litinin da sassafe muna ofishin Fada. Teryo ya ajiye tsohuwar takardar baftismarsa a tebur ya ce, "Fada, ba na son ha'inci. Ban gaskata ko kalma ɗaya daga abin da kake faɗa ba."

"Na ji labari. Ka yarda da ita, har mutuwa, ba wata?"

"Wannan ai tsohon zance ne."

"To ni ba kai zan aura ba. Sa hannu a nan." Sai ya ƙara da cewa in durƙuso ne matsala, akwai kujeru da aka tanadar wa tsofaffi masu ciwon gwiwa. Teryo ya ce shi gwiwarsa lafiya lau, wa ya ce masa tsoho ne. Fadan nan ƙarami ne, amma ya san kan mutane.

Aure arba'in da uku aka ɗaura ran Asabar har da namu, yawanci masu jikoki. Akwai amaryar da ba ta da haƙori ko ɗaya, akwai angon da ya yi barci. Ising ce ta yafa mana mayafi, Noy Sindo ya zarga mana igiyar aure a kafaɗu, kamar yadda al'ada take. Teryo ya durƙusa yana gunaguni, yana gyara wa mai karatu lambar aya a kunnena, har sai da na taka shi. Da aka tambaye shi ko ya yarda, ya amsa da muryar dandali, na bayan coci ma sun ji.

Sai lokacin Jibi ya yi. Na miƙa masa jakata da mafici, na tashi. Ƙafafuna sun manta hanyar, sai da amarya marar haƙori ta tura ni daga baya. Fada ya ɗora mini a harshe. Ɗan abu ne siriri, ba ɗanɗano, nan da nan ya manne mini a ganɗa. Na tsaya a wurin na kasa motsi, farin ciki ya cika ni har na ji tsoron zan yi dariya a gaban bagade, sai da Fada ya yi mini alama da ido cewa akwai mutane a baya.

Da na juyo na gan shi. Kujeru tamanin da shida, duk an tashi, shi kaɗai ne a zaune cikin farar rigarsa, jakar mace a cinya, ya karkata gwiwoyinsa gefe ana wucewa. Wasu na satar kallonsa, wasu na kawar da kai don kar ya ga sun kalla. Ya rasa inda zai ajiye idonsa. Na dawo na zauna kusa da shi.

Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Duk Lahadi haka ne?"

Na gyaɗa kai. Ban iya magana ba, Jibin bai narke ba tukuna.

Na miƙa hannu in karɓi jakata, ya riƙe ta da hannu biyu, bai sake ta ba har aka tashi.